Dillalin Shanu a Ajin Turanci

"Ni da Turanci, ai ciki ɗaya muka fito," in ji Ajimi, yana kaɗa sandarsa a rumfar dillalai ta Kasuwar Shanu. "Daga Gwange har Bulumkutu babu mai karawa da ni. Bature da kansa in na fara, sai ya roƙe ni in sassauta ya samu ya rubuta."

Abokina, kafin ka yarda, bari in gaya maka inda wannan Turanci ya samo asali, don maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Wata shekara wata Baturiya ta ƙungiyar agaji ta zo sayen shanun da za a raba wa 'yan gudun hijira, tafintanta kuma ya ci wani abu da bai karɓe shi ba, ya wuni a bayan gida. Ajimi ya tsaya a madadinsa. Duk tafintar da ya yi, nuni ne da sanda da ɗaga yatsu, amma aka yi ciniki, ta ba shi wata falmaran mai aljihu barkatai. Tun daga ranar ya sayi tabarau maras magani, ya raɗa wa kansa Baturen Gwange, ya hana mu sakat a unguwa. Ya taɓa shiga sakandare kam, sai dai makarantar ce ta riga shi gajiya.

To, akwai wata makarantar kuɗi a unguwar Wulari, ta wata baiwar Allah Madam Rose. Malamin Turancinta, Malam Othniel, ya tafi Biu jinyar mahaifinsa, ga 'yan ajin ƙarshe jarrabawar gwaji ta matso, ga babbar jarrabawa tana biye. Madam ta rasa inda za ta sa kanta. Sai Siddiƙa, 'yar yayar Ajimi, wadda take wannan aji kuma take ganin kawunta kamar shi ya rataya wata, ta ce mata ai tana da kawu da ya yi aiki da Turawa.

Ajimi ya bayyana da falmaran da tabarau. Madam ta yi masa tambaya da Turanci, ya yi murmushin manya ya amsa da Hausa cewa shi ba ya son nuna iyawa a wajen aji, don kada a ce yana da girman kai. Wallahi ta ɗauka kamun kai ne. Ta ce ya riƙe mata ajin kafin Othniel ya dawo, in yaran suka yi abin kirki a gwaji, za ta ba shi aiki na dindindin, dama ajin yana buƙatar malami na biyu.

Ranar Ajimi bai taka ƙasa ba. Ya koma kasuwa ya sayi goro ya raba, ya miƙa wa wani matashin dillali Abdulnasir sandarsa da wurin zamansa da duk masu kawo masa shanu, ya tsaya gaban shugaban dillalai, dattijo Ba Kyari, ya yi jawabin bankwana. Ya ce shi da kasuwa har abada, duk wanda ya sake ganinsa riƙe da igiyar saniya ya tofa masa yawu. Ba Kyari ya ce Allah ya ba da sa'a, da wata irin murna da ta kamata Ajimi ya tsaya ya yi tunani a kanta.

Ka ga ke nan aikin makarantar nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya.

Ranar farko ya shiga aji ya ce kowa ya rufe littafi. Ya bayyana musu cewa abin da ke kayar da yara shi ne ba su san mece ce jarrabawa ba. Jarrabawa ciniki ce. Mai duba takarda wani ne da ya zo kasuwa yana son ya cuce ka, kai kuma ka zo ka tsira da mutuncinka. Yara suka gyara zama, don tun da suke ba a taɓa yi musu bayanin da ya shige su haka ba.

Ya fara da rubutun wasiƙa. Ya karanta, ko in ce ya sa wata yarinya mai suna Hope ta karanta masa, samfurin da Malam Othniel ya bari a allo, ya riƙe baki. Wai a ce mutum ya rubuta wa babba takarda, layi na farko ya faɗa masa buƙatarsa? A Borno? Ya ce wannan rashin tarbiyya ne tsagwaronsa. Ko ɗan maraƙi za ka saya, sai ka tambayi mai shi kwanan gida, da zafi, da gajiya, da iyali, da mutanen ƙauye, ka koma ka sake daga farko, sai zuciyarsa ta yi laushi tukuna ka waiwayi dabbar kamar ba ita ta kawo ka ba. Ya sa su suka yi ta juya gaisuwarmu zuwa Turanci, har da su wushe-wushe, sannu-sannun mutanen Borno, da barka da rana, aji ya kaure kamar gidan suna.

Da aka zo sashen da ake ba yaro labari ya karanta ya amsa tambayoyi, nan gwanin ya baje kolinsa.

"Wanda ya rubuta labarin nan mai sayarwa ne," ya ce. "Kun taɓa ganin mai sayarwa ya faɗi gaskiya a maganar farko? In ya ce kogin nan tsawonsa kaza, ku rage. In ya ce mutumin kirki ne, ku buɗe bakin labarin ku duba haƙora. Duk wanda ya amsa da abin da aka rubuta, an ci shi da wayo."

Siddiƙa ta ɗaga hannu a ladabce ta ce, "Kawu, Malam Othniel ya ce amsar tana cikin labarin."

"Shi ya sa har yau Othniel bai mallaki ko tinkiya ba."

Aji ya fashe da dariya, magana ta mutu. Haka ya yi da taƙaitawa ma. Ya ce in an ce ka taƙaita labari cikin jimla uku, tayi ne kawai aka yi maka. Ka zuba goma sha biyar, mai dubawa ya rage, ku haɗu a tsakiya, kowa ya tafi gida da farin ciki.

Gaskiya yaran sun so shi. Ajin da a da ake gyangyaɗi, yanzu sai ka ji ana ta ja-in-ja da marubuci kamar yana nan tsaye. Wata rana Madam ta wuce ta taga ta ji ana tayin wani adadi da ke cikin wani labari, rabin aji suna ihun bakwai, rabi suna ihun biyar. Ta leƙo ta tambaya, ya ce muhawara yake koya musu. Ta ji daɗi, ta ce to ya karanta musu labarin da babbar murya ta ji. Ajimi ya shafa aljihunan falmaran ɗaya bayan ɗaya, kuma kai ka san suna da yawa, ya ce ya manta tabaransa. Ta nuna masa cewa ga shi a fuskarsa. Ya ce wannan na rubutu ne, na karatu yana gida. Allah ya taimake shi aka kira ta a waya.

Aka yi gwaji. Yara suka fito suna tsalle, kowa yana cewa bai taɓa cika takarda irin na yau ba, wasu har ƙari suka nema. Ajimi ya dawo Gwange yana tafiya kamar ƙasar ta yi masa kaɗan. A makon ne Malam Othniel ya dawo, mahaifinsa ya samu sauƙi, Madam ta miƙa masa takardun ya duba.

Nan ne mutumin naka ya haƙa wa kansa rami da hannunsa. Ba wanda ya ce za a yi taro. Shi ya je kasuwa ya shaida wa dillalai cewa ranar kaza za a tabbatar masa da aiki, wataƙila har da lambar yabo, ya ɗauko musu kekuna masu ƙafa uku ya kwaso su. Ni ma ya ja ni, na tafi, don ba na ƙin kallo. Muka cika harabar makaranta, dattawa da sanduna a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa gemu, Ba Kyari a gaba.

Madam ta fito ta gan mu, fuskarta ta canza. Ta ce masa a hankali su shiga ofis su yi magana su biyu. Ajimi ya ce sam, mutanen nan sun bar cinikinsu sun zo, a karanta komai a gabansu, a kuma fassara musu. Ta roƙe shi har sau biyu. Da ya ƙi, ta juya ta ce, "Malam Othniel, karanta musu."

Othniel mutum ne mai sanyi, idanunsa sun yi ja kamar wanda ya yi kuka ko ya yi dariya har ya gaji. Ya ce tambaya ta farko, an ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma cewa famfon unguwa ya lalace. Ya ɗauko wasiƙar Siddiƙa, don ita ta fi tsawo. Ta gaishe da shugaba. Ta tambayi zafi, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafafun mahaifiyarsa, da gajiyar mulki, da shanunsa in yana da su, in ba shi da su Allah ya ba shi. Ta juya shafi ta sake daga farko. A layin ƙarshe ta ce akwai wata 'yar magana, amma ba ta gaggawa ba ce, sai sun haɗu. Famfo bai fito ko sau ɗaya ba.

Dillalai suka gyaɗa kai, wani ya ce yarinyar nan ta samu tarbiyya. Ajimi ya ƙara buɗe ƙirji.

Othniel ya wuce zuwa labarin. Wani manomi ne mai awaki goma sha biyu, ya sayar da su don ya kai ɗansa asibiti. Tambaya: awaki nawa ne da manomin? Ya ce cikin ajin kaf babu wanda ya rubuta sha biyu. Akwai bakwai, akwai biyar. Hope ta ce shida, kuma biyu daga ciki ba ta yarda da lafiyarsu ba. Wani yaro Pindar ya rubuta cewa ba zai ce komai ba sai an kawo awakin ya gani da idonsa. Da aka tambayi dalilin sayarwa, rabin aji suka ce batun asibiti duk mai sayarwa haka yake cewa, a bincika, akwai aibi.

Wani daga bayan benci ya fara tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Othniel ya ɗaga wata takarda ya nuna mana taƙaitawa, wadda ta fi labarin tsawo, a ƙasanta an rubuta wa mai dubawa cewa ya rage abin da ya sauwaƙa, ba za a yi faɗa ba. Sannan ya ce wanda ya fi kowa maki ya samu goma sha ɗaya cikin ɗari.

Ka ɗauka Ajimi zai yi shiru? Ai sai ya matso ya kama hannun Othniel kamar yadda ake kama hannun mai saniya. "Sha ɗaya tayi ne, Malam. Ƙara wani abu. Dubi yawan rubutun nan, dubi tawada. Kawo sittin mu rufe."

Nan fa harabar ta kaure. Dattawa suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ya zame daga benci, yara a taga suna leƙe sun fara gane abin da ya same su. Siddiƙa ta ja hijabi ta rufe fuska, ita kam ta ba ni tausayi ƙwarai. Madam ta ce wa ɗalibai su kwantar da hankali, akwai sauran lokaci kafin babbar jarrabawa, Malam Othniel zai riƙa zama da su har da ranakun Asabar ya kwance duk abin da aka ɗaura musu. Sannan ta juyo ta ce wa Ajimi babu aiki.

Ya ce to a ba shi ƙananan azuzuwa. Ta ce a'a. Ya sauko firamare, ta ce a'a. Ya ce 'yan rainon nan da ba su fara magana ba fa? Ta ce su ne ma ta fi jin tsoro. Ya waiwayi Abdulnasir, wanda yake zaune riƙe da tsohuwar sandarsa, Abdulnasir ya mai da ita bayansa ya kama kallon sama. Gumi ya jiƙa falmaran har aljihunan ƙasa.

Madam ta gaji. Ta tako gaban Ba Kyari ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, don Allah ku tafi da mutuminku."

Dattijo ya miƙe a hankali, ya zagaya Ajimi sau ɗaya yana dubansa daga ƙafa har wuya, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "'Yata, ciniki ya faɗa tun ranar da kika karɓi igiya. Mu a kasuwarmu ba a dawo da kaya."