Gadon da Kaka Ya Sassaƙa

Da kakanmu ya rasu, magada sunka fito da kayanshi gwanjo. Inna ba ta son komai sai angarib, gadon igiyar da ya sassaƙa da hannunshi. Ta ce, "Ɗan nan, kada gadon nan ya bar gida."

Na bugi ƙirji, ni gwanin kasuwar Sinnar. Don in kori wani dillali daga garin Madani da ke taya gadon, na ce, "Ya zol, bawan Allah, gara ta cinye shi!" Na faɗa bisa gadon da dukan nauyina.

Ashe gaskiya ce. Ƙafafunshi biyu sunka karye.

 Inna ta tsince su, ta ƙunshe cikin mayafinta, ta shige ɗaki.

Har yau duk gidan da na shiga, sai a ce, "Ku ɓoye kujeru, ku ba shi tabarma!"