Dakalin Inka a Gonar Ƙuba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga gasa da matattu ba, suka kuma kayar da ni ba tare da ɗayansu ya ɗaga ko yatsa ba.

Bari dai in fara faɗa muku ko ni wane ne, don ku san tsawon inda na faɗo. Ni magini ne ɗan magini. Kakana ya taho daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi hajjinsa, ya zauna a Madina yana ɗora dutse a kan dutse har Allah Ya karɓi abinsa. Daga unguwar Bani Harisa zuwa ta Aƙiƙ, in ka ga katanga ta miƙe kamar an ja ta da zare, to ko ni na gina ta, ko wanda ya gina ta ya taɓa tsayawa yana kallona. (Matata, Ummu Anas, takan ce rabin Madina na gina da hannu, sauran rabin da baki.)

Ɗana Anas yana karatun zanen gine-gine a jami'a. Tun yana ƙarami, in muna tafe a mota muka wuce wani gida, sai ya buga gilashi ya ce wa ƙannensa, wannan Abuya ne ya gina. Ni kuwa in ƙara gyara zama a bayan sitiyari. To a wani hutu sashensu ya kwashi ɗalibai zuwa ƙasar Peru, can ƙarshen duniya, su ga kufan mutanen da ake kira Inka. Na kai shi filin jirgi, na ce ya je ya gani, ya dawo ya gode wa Allah da Ya ba shi uba irina.

Yaron da ya dawo ba shi na kai ba. Ya rame, sanyi ya ƙona masa hanci, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Da safe Inka, da rana Inka, a kan tiren shinkafa ma Inka.

Gaskiya kuma, tsakanina da ku, abin da ya nuna mana a wayarsa ya isa a yi magana. Gari guda ne a kan tsauni, gajimare na wucewa ta ƙasansa kamar garken tumaki. Gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kamar matakalar bene, kowace da katangarta. Magudanan ruwa da aka sassaƙa shekaru ɗaruruwa, har yau ruwa na gudu a ciki. Ya ba mu labarin mata da ke hawa tudu da goyo suna kaɗi da mazari, alhali su samari suna zaune a gefen hanya suna haki. Ya ce akwai gadar igiyar ciyawa a kan wani kwazazzabo, kowace shekara mutanen ƙauyuka ke haɗuwa su sake saƙa ta, na ce ai wannan gayya ce, tamu ce suka ara. Akwai dankali iri-iri har da mai launin shuni, da wata dabba kamar raƙumin da aka manta ba a sa masa tozo ba.

Duk wannan na haɗiye da murmushi. Da ya zo kan katanga ne abin ya tsaya mini a wuya.

Duwatsu ne manya, wani ya fi motata, kowane da kusurwoyinsa barkatai, amma an haɗa su kamar tare aka halicce su. Babu siminti, babu laka, babu komai a tsakani. Ya ce ba su da ƙarfe, da dutse suke dukan dutse har ya bi. Girgizar ƙasa ta sha rusa abin da Turawa suka ɗora a kai, na ƙasan bai ko gusa ba. Sai ya ajiye wayar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wallahi Abuya, ban taɓa ganin magina irin waɗannan ba."

Ban taɓa ganin magina ba! A gabana, a falon da na gina da hannuna.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ce ma sha Allah in ci gaba da shan gahawata. Maimakon haka na ji bakina yana cewa wannan ai aikin yara ne, lokaci kawai suka samu. Na ce ya gayyato abokan tafiyarsa da malamin da ya jagorance su, zan yi musu walima a unguwar Ƙuba, kuma za su zauna a kan dakalin da na gina irin na Inka, babu ko cokali ɗaya na siminti. Ummu Anas ta leƙo daga kicin ta dube ni, ta koma ciki. (Duk mai aure ya san irin wannan kallon.)

Akwai Ammu Salihu, abokin marigayi mahaifina, tsoho ɗan asalin Damagaram mai gonar dabino a Ƙuba. Shi ya ba ni wuri a inuwa. Na sa aka kawo baƙin dutsen harra, wanda ya kewaye Madina, na naɗe hannun riga.

Jama'a, dutse ba ya jin kunyar kowa. Na fara da guduma kamar yadda Inka suka yi, na kusa rasa babban yatsa. Na koma injin yanka, wanda muke ce wa saruk, na ce ai da suna da shi da sun yi amfani da shi. In na daidaita gefen hagu, dama ya buɗe baki. In na rufe dama, ƙasa ta yi rawa. Dutse biyu kacal na yini ina sasantawa kamar masu rigimar gado, da yamma har yanzu kyanwa za ta iya wucewa ta tsakaninsu. A nan na fara girmama mutanen nan da gaske. Na zauna a kan bokiti, gumi na zuba, ina tunanin wani bawan Allah a kan tsauni, iska ba ta isarsa, yana ɗaga dutse yana gwadawa yana saukewa, yana sake gogewa, wataƙila ma ya san ba zai ga ƙarshen katangar ba. Na ce Allah Ya yi bayi masu haƙuri, ni dai ba na cikinsu.

Ranar walima na matsowa, dakali bai kai gwiwa ba. Sai Shaiɗan ya zo da shawara, ni kuma na ba shi kujera. Na shigo da siminti a ɓoye, na cusa shi can cikin tsagogin, na kawo baƙin garin launi na barbaɗa a kai da yawa, na bi da ƙurar dutse. Da hantsin ranar na gama. Na ja da baya na duba, wallahi ni kaina na kusa yarda.

Bayan La'asar baƙi suka iso, samari cikin fararen jallabiyoyi sun sha guga, Daktur malaminsu a gaba, mutum mai fara'a da cikar jiki. Na lura dakalin yana wani sheƙi kamar an shafa masa mai, na ce a raina albarka ce. Na zaunar da su a jere a kai, Daktur a tsakiya. Aka kawo gahawa da dabino, ni kuma na buɗe baki.

Na yi bayanin yadda ake sauraron dutse kafin a taɓa shi. Na ce siminti na ragwaye ne. Na ce da an haife ni a Peru da yanzu hotona ke jikin kuɗinsu. Daktur yana gyaɗa kai, yana shafa dutsen gefensa, yana cewa aikin hannu ya yi ƙaranci a zamanin nan. Anas yana tsaye da butar gahawa, ya dube ni da irin kallon nan na cikin mota. Shi nake nema, kuma na samu. Na ji daɗinsa har zuwa kiran Magariba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dabinai, aka gabatar da Daktur ya ja mu salla. Ni na tsaya ɗauko wa Ammu Salihu kujera, don haka sahun baya na samu. Ina ɗaga kai don daidaita sahu, sai na ga dakalina gaba ɗaya yana tsaye a gabana.

Kowace farar jallabiya ta ɗauki hoton inda mai ita ya zauna. Baƙaƙen layuka, kusurwa-kusurwa, ba ko kuskure. Da za a jera samarin nan a kwance, da an sake gina dakalin ba tare da an tambaye ni ba. Na Daktur kuwa ya fi na kowa faɗi, har da mahaɗar dutse uku da na fi alfahari da ita. Allah Ya gafarta mini, ban san yadda na kai ƙarshen sallar nan ba.

Bayan sallama na sahun baya suka fara taɓa na gaba. Kowa ya waiga yana jan rigarsa. Wani ya dangwali layin da yatsa ya shinshina. Babu wanda ya yi dariya, yaran suna da tarbiyya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ina shirin ɗora laifin a kan dutsen harra, in ce haka yake zufa da yamma, sai Ammu Salihu ya gyara murya. Tsohon da kullum da Hausa yake mini magana, ranar sai ya zaɓi Larabci tsantsa, don kada wani ya tafi da shakka.

"Ku yafe ni, 'ya'yana, laifina ne. Na ga ɗana ya gaji ya manta bai ba simintinsa ruwa ba, shi ne na sa masa tiyo bayan Azahar. Sabon siminti in bai sha ruwa ba tsagewa yake yi."

Daktur ne ya fara fashewa, har da riƙe ciki, sannan sauran suka samu izini. Da ya samu numfashi ya dafa kafaɗata ya ce darasin yau ya fi na Peru, don a can sun ga abin da aka yi, a nan sun ga wahalar yinsa. Mutumin kirki. Ya ci shinkafarsa da naman rago, ya tafi da zanena a bayansa, ya shimfiɗa jarida a kujerar motarsa kafin ya zauna.

Abin da na koya shi ne, in ɗanka ya yaba wani, ba kai ya zaga ba. Zuciyar yaro ba shago ba ce da sai an fitar da wani kafin a saka wani. Amma wannan hikimar sai daga baya ta zo. A hanyar gida tuƙi kawai nake, ban ko kunna rediyo ba. Mun kusa Aƙiƙ na kasa daurewa, na ce to, ai shi ke nan, yanzu ya tabbata maginansa na Inka sun fi ubansa.

Anas ya kalli titi yana danne dariya. Sannan ya ce, "Abuya, ni fa ban taɓa cewa sun fi ka ba. Kai ne ka yanka rago ka tara shaidu."