Ranar da Na Tafi da Amin Hanyar Roni

Shekarar da kuɗin fetur ya sa aka ƙara mana albashi na sayi babur, kuma a shekarar na ga na isa in koya wa 'yan cocinmu na Kazaure addu'ar shiru. Na karanta musu ayar da ke gargaɗi kan son abin duniya, na ce, "Kowa ya rufe ido ya yi bimbini a kanta. Kada wanda ya buɗe sai na ce Amin."

Ina rufe nawa na ji ana danna hon ɗin babur ɗina. Na fita da sanɗa. Ashe telan unguwarmu ne, wai bai yarda babur ɗin yana da gudu ba. Ni kuwa ba na son musu, na goya shi muka kama hanyar Roni.

Sai a hanyar dawowa na tuna da 'yan coci. Na tarar da su yadda na bar su, suna ta gumi. Na lallaɓa gaba, na ce Amin cikin natsuwa.

Dattijon cocinmu ya buɗe ido ya ce, "Ɗana, mun ji tafiyarka, mun ji dawowarka."

Har yau ba a ba ni addu'a sai an karɓe makullin babur ɗin.