Talatin da Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Asabar ɗin da na nufi gidan Baba Garba a Unguwar Rimi, na rungume faifai ɗaya a ƙirji kamar mai kai jariri asibiti.

Baba Garba aminin marigayi mahaifina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Yana da faya-fayan garmaho akwati-akwati, yawancinsu na kiɗan jaz, tun na zamanin samartakarsu. A lokacin zai koma Zariya da zama, 'yarsa Anti Bilki kuma ta rantse ba za ta loda tarkace a mota ba: ko a samu mai so, ko 'yan jari-bola su kwashe. Sai Baba ya aiko Umma ta gaya min: "Ya zo in ji ko yana da kunne. In babu, gara a zubar."

Ni kuwa ina da abin taƙama. Abba ya bar min garmahonsa da wani ɗan ƙaramin faifai. Kwalin ya ɓace, gara ta cinye rabin takardar tsakiya. Abin da ake iya karantawa kawai shi ne mai busa turambon ɗin ne ya tsara kiɗan, sai wutsiyar suna. (Turambon shi ne dogon ƙahon nan na ƙarfe da ake turawa ana janyowa, irin na 'yan badujala.) Na bincika wutsiyar sunan a intanet, wani likitan haƙori ya fito min. Nan na tabbata duniya ta zalunci bawan Allahn nan, ni kaɗai ne a Badarawa na san darajarsa.

Tun ina ajin farko a jami'a nake sauraren faifan. Busa ce mai nauyi, mai jan ƙafa, kamar kukan bijimi daga nesa. A ƙarshe sai ya ajiye ƙahon ya rera baiti biyu da wata murya mai kauri. Har siffarsa na zana a raina: ƙato, mai gemu da tumbi, wanda rayuwa ta yi wa ba daidai ba.

Ni mutum ne da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Saboda haka na haddace jawabina tsaf, ina ta bitarsa a cikin keke har mai keken ya waiwayo ya ce, "Malam, magana kake?"

Na tarar an ɗaure akwatunan da igiya a falo. Baba yana zaune da abokinsa Malam Yakubu, tsohon malamin makaranta wanda bakinsa ba ya raga wa kowa. Anti Bilki na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu.

"Mai bolar ya ce in kira shi kafin magariba," in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Na durƙusa na gaishe su, na miƙa faifan da hannu biyu. Baba ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

"Allah sarki. Ai ni na ba ubanka wannan. To ɗana, me ka ji a ciki?"

Na dubi kafet na fara.

"Baba, abin da ya fi burge ni, ba ya gaggawa. Ya busa ne kamar..."

"Ta," in ji Baba.

Na ɗauka da Anti Bilki yake. Na ci gaba.

"Sannan yadda ya tsara sauran ƙahonin..."

"Ta."

Malam Yakubu ya cire hularsa ya rufe baki da ita. A nan ya kamata in yi shiru. Amma ni ne fa wanda ke gyara wa littafin laburare kuskuren rubutu da fensir. Ni da ban taɓa musu da ko mai sayar da rake ba, sai na ji bakina yana cewa:

"Baba, ka gafarce ni, namiji ne. Ai ya yi waƙa a ƙarshe. Muryarsa kamar ta ladanin unguwarmu in mura ta kama shi."

Baba ya tashi a hankali ya ɗora faifan a garmahonsa. Kafin ya sauke allura, sai na ga ya murɗa wani ɗan maɓalli daga inda aka rubuta talatin da uku zuwa arba'in da biyar. Ashe maɓallin saurin juyawar faifai ne. A garmahon Abba, wajen nan rami ne kawai, maɓallin ya karye a kan talatin da uku tun ban yi wayo ba. (Ban taɓa tambayar ramin mene ne ba. Na zaci na shan iska ne.)

Kiɗa ya tashi. Bijimina ya zama barewa. Busar da na sha yi wa hawaye ashe ta rawa ce, tana tsalle tana zolaya, har Malam Yakubu yana kaɗa ƙafa. Na tsaya ina addu'ar a ɗauke wuta kafin a kai ƙarshe. Ranar dai wuta ta ƙi tafiya. Ƙahon ya yi shiru, sai ga muryar mace, siririya, garau.

"Sannu ladan!" in ji Malam Yakubu. "Mura ta sake shi ke nan."

Da ƙasa za ta tsage, da ni zan taya ta.

"Baba, in kira shi?" Anti Bilki ta ɗaga wayar.

Baba ya ɗaga mata hannu, idonsa na kaina. "Ka fara maganar sauran ƙahonin, ban bari ka ƙarasa ba. Ƙarasa."

Jawabin da na haddace ya gudu. Da 'yar muryar da ta rage min na ce in ta dawo karo na biyu, ƙahonin baya ba tare suke shigowa ba, ɗaya bayan ɗaya ne, kowa yana ɗaukar sautin da ta ajiye. Kuma na can ƙasa sauka yake yi duk lokacin da ita take hawa. (Ka lura, na koyi cewa "ta".)

Baba ya mayar da allura baya. Ya rufe ido, ya karkato da kunne. Ya sake mayarwa.

"Ikon Allah," ya ce. "Tun kafin a haife ka nake jin faifan nan, ban taɓa kula ba."

"Ina za ka kula?" in ji Malam Yakubu. "Kai rawa kake yi. Shi da rarrafe ya bi ta."

"Kunne dai akwai. Ido ne babu." Baba ya juya. "Bilki, ki ce wa mai bola ya huta. A ba yaron nan akwatunan, a haɗa masa da garmahon, na ubansa maƙaryaci ne."

A cikin akwatunan na samu wasu faya-fayanta, da hotonta a kwali: 'yar siririyar mata mai tabarau, ƙahon ya kusa fin ta tsayi. Sunanta a ƙasa yake da ƙananan haruffa, na mazan da ta tsara wa kiɗa kuma manya-manya a sama. Ashe ban yi ƙarya ba da na ce an zalunce ta. Sai dai ni ma na ƙara da nawa, tunda gemu na liƙa mata.

Har yau Malam Yakubu ba ya kira na sai da Talatin da Uku. Ni ma, in na rufe ƙofa, nakan murɗa maɓallin baya in gaisa da ƙaton nan mai tumbi, don mun saba. Amma na koyi darasi: in dattijo ya gyara maka magana da harafi biyu har sau biyu, kada ka nemi na uku. Ka je gida ka leƙa ramin.