Ɗaki Mai Lamba Sha Huɗu Ba Kango Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Auna Wutar Gine-gine,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikacin da saura kwana tara ya gama watannin gwajinsa, ina neman afuwa tun ban fara ba. Sau huɗu na rubuta wasiƙar nan, na yaga uku.

Ni ne wanda aka tura ya maƙala na'urori a gini na tamanin da shida, cikin gine-gine dubu ɗaya da ɗari biyu da kwamitinku yake auna wutar da suke sha. Duk abin da na'urorin suka gani, babbar kwamfutarku ce take haɗawa ta yanke hukunci. Hukuncinta na makon jiya shi ne wai babu kowa a ɗaki mai lamba sha huɗu, don haka ranar Litinin a yanke masa wuta, fitila da fanka duka.

Ba na jayayya da kwamfuta, ranka ya daɗe, ta fi ni karatu. Sai dai daga cikin ɗakin nake rubuto maka.

Na ɗaya. Ɗakin ma'ajiyar fayil ne, ba shi da taga, kuma mutum uku ne ke aiki a ciki tun ba a haife ni ba: Baba Mai Fayil, da abokin aikinsa da kowa ke kira Kawu, da Hajiya mai rajista. Na'urar da na maƙala a silin motsi take gani, ba mutum ba. In aka yi minti takwas ba a motsa ba, sai ta rubuta cewa babu kowa. Na zauna kwana biyar da agogo da littafi ina ƙirgawa. Baba yana juya shafi sau ɗaya a minti sha huɗu. Kawu kuwa a minti sha ɗaya, shi ne mai garajen cikinsu. Hajiya da ɗan yatsa take bin layi, na'urar ba ta ma san da zamanta ba. Shin laifi ne mutum ya ƙware a aikinsa har ya daina mutsu-mutsu?

Na biyu. Kwamfutar ta lura cewa kullum ƙarfe goma da kwata ɗakin yana zuƙar wuta na minti shida. Ta ce wayar wuta ce ta lalace. Butar shayin Hajiya ce. Sau biyu aka turo mai gyaran wuta, sau biyu ya sha shayi ya tafi. Cikin ladabi nake tambaya: a wane kango ake dafa shayi?

Na uku. Na kai wa maigidana na ofis littafin ƙirgata. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ce, "Kai sabon shiga, ana maganar gini dubu da ɗari biyu, kai kana can kana ƙirga tsofaffi uku?" Ya ce duk alƙaluman da ba su dace da hasashen kwamfuta ba, sharewa ake yi. Mu dai a makaranta an koya mana cewa in hasashe ya saɓa da abin da ido ya gani, hasashen ake gyarawa. Wataƙila an sauya dokar ranar da ban je aji ba. Amma na duba, sau biyu kacal na yi fashi, kuma duka na kwafi darasin.

Na huɗu, kuma nan laifina ne. Na faɗa wa mutanen ɗakin gaskiya. Tun daga ranar, duk minti bakwai Kawu yake cewa "Lokaci!" sai su ajiye biro su ɗaga hannu suna kaɗa wa silin. Baba ya ce mini, "Ɗana, shekara talatin da ɗaya ina aikin nan, ban taɓa gaida rufin ɗaki ba sai zuwanka." Hajiya ta ce, "Injiniya, in rawa take so ka faɗa mana, mu san da wadda za mu fara." Kwana uku suna haka, har kafaɗar Baba ta riƙe. Ka san abin da kwamfutar ta ce? Wai motsin ya cika tsari, ba na ɗan Adam ba ne. Ta share shi da kanta.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Kafin Litinin a turo mutum mai ido biyu ya buɗe ƙofar ya leƙa. Na auna, minti ɗaya da rabi ne daga bakin matakala. Idan ya zo goma da kwata, har shayi zai samu. Ban kuma san ɗakuna nawa ne a sauran gine-ginen suke cike da masu aiki shiru irin waɗannan ba. Abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Na san ba a so ɗan gwaji ya tsallake maigidansa ya rubuto wa shugaba, kuma mahaifiyata ta riga ta faɗa wa dangi kaf cewa na samu aiki. Amma yanzun nan na duba na'urar, hankalina ya ɗan kwanta. Minti hamsin da biyu na yi a zaune ina wannan rubutu, kuma ta tabbatar babu kowa a ɗakin. Saboda haka, in wasiƙar ta ɓata maka rai, a lissafinku babu wanda ya rubuta ta, babu kuma wanda za a kora.

Naka mai biyayya matuƙa, mai ɗaga hannu duk minti bakwai,

Ƙaramin Injiniya,
Ɗaki na Sha Huɗu