Laba Talatin da Takwas da Na Ɓoye wa Jirgi

Ko zan manta da komai na zamanmu a Greensboro, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na sa aka juyo da jirgin sama daga bakin titin tashi ba. Ni kaɗai na yi wannan aikin, da bakina.

Maigidana, Abban Nana, tun yana yaro a Maraɗi yake da ciwon son jirgin sama. Da muka zo Amurka ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, sai ya fara koyon tuƙin ƙananan jirage, awa ɗaya yau, wata awar bayan sati uku, yadda aljihu ya yarda. Shekara huɗu ya yi kafin ya karɓi lasisi. (Ni kuma shekara huɗu ina cin tuwo da sunayen gizagizai.) To amma lasisi ba ya tashi da kansa. Hayar jirgi ta fi ƙarfinmu, saye kuwa ko a mafarki. Abin da masu ƙaramin ƙarfi ke yi shi ne su haɗu su huɗu ko biyar su mallaki tsohon jirgi ɗaya, kowa da ranarsa, kamar watandar sa da salla.

Sau biyu yana neman shiga irin wannan haɗaka. A waya ana ta fara'a, da ya faɗi cikakken sunansa sai a tuna ashe an riga an samu mutum. Shekarun nan ne da Musulmi mai son jirgi yake shan kallon zargi. Bai taɓa ƙorafi ba, sai dai in ga ya tsaya a bayan gidanmu na Glenwood yana bin kowane jirgi da ido har ya ɓace, ni kuma zuciyata ta yi ta karyewa.

Na ukun, wani dattijon Bature ne, Mista Walt. Su uku ne a kan jirgi mai kujera huɗu, a wani ƙaramin fili can wajen Summerfield, suna neman na huɗu. Ya ce Abban Nana ya zo ranar Asabar su tashi tare ya ga hannunsa, za su je wani gari na kusa su karya kumallo su dawo. Ya ƙara da cewa, in madam tana so, akwai kujera a baya.

Madam tana so mana! Shekara huɗu ina jin labari, ban taɓa ganin cikin abin ba.

"Don Allah, Maman Nana," in ji maigida, "mutanen nan amana suke dubawa. Mabuɗin jirgi za su ba ni. Kada ki ɗauki kaya."

Na ce to. Amma ku gaya mini, wace 'yar mutunci ce za ta je wurin mutanen da mijinta ke neman alfarma hannu rabbana? Na yi dambun shinkafa da zogale, na soya kaji biyu, na dama kunun gyaɗa, na cika kula har sai da na hau murfin da gwiwa. Nana muka bar ta wurin maƙwabciya.

Filin ba irin wanda na sani ba ne. Ciyawa ce shimfiɗe, da rumfar kwano, da dogayen bishiyoyi jere a can ƙarshe. Jirgin kuwa, wallahi motar kasuwar Maraɗi ta fi shi faɗi. Na zagaya shi ina taɓa fiffiken, ina tambaya. Ashe a cikin fiffike ake zuba mai! Ashe da ƙafa ake juya shi a ƙasa, ba da sitiyari ba! Mista Walt ya ji daɗina sosai, duk abin da na tambaya sai ya amsa har da ƙari. Sauran abokan haɗakar biyu suna zaune bakin rumfa da kofunan kofi, suna murmushi.

Sai ya ga kula. Ya ɗaga, ya ajiye, ya ce cikin ladabi wannan sai dai ta jira mu. Daga nan ya zaro takarda da fensir daga aljihun riga, ya dube ni, a gaban maza uku, ya ce:

"Madam, nauyinki nawa?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. A garinmu ko likita sai ya sassauta murya kafin ya yi wannan tambaya. Na dubi Abban Nana, ya sunkuyar da kai yana duba taya. Na san lambar sarai, satin da ya wuce aka auna ni a asibiti (a nan da laba ake awo, ba kilo ba, lambar sai ta yi ta kumbura kamar fanke). Ɗari da tamanin da takwas. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Ɗari da hamsin."

Ya rubuta, bai ko ɗago ba. Hijabina har gwiwa, babu mai iya gardama.

Da ma a nan na tsaya! Suna can suna duba mai, na lallaɓa wajen kula, na ɗauko fulas ɗin kunu da kwanon dambu da kaza ɗaya, na cusa a babbar jakata, na rataya ta ƙarƙashin hijabi. A raina na ce, ai abin da ido bai gani ba jirgi ma bai gani ba.

Muka shiga. Abban Nana a kujerar matuƙi, Mista Walt a damansa, ni a baya, gwiwoyina a haɓa, kwanon dambu yana ƙona mini cinya. Aka sa mini abin kunne mai makirufo, wanda duk abin da ɗaya ya faɗa kowa na ji. Injin ya kama, muka fara gangarawa a hankali zuwa inda za a tashi. Hannun maigida nake kallo, yana sarrafa komai a nitse. Na ji wani alfahari ya cika ni.

Son sanina ne ya tona ni. Na ce, "Mista Walt, wai me ya sa sai an rubuta nauyin mutum?"

Kamar jira yake. Ya ce yau akwai zafi, kuma iskar zafi ba ta da ƙarfin ɗaukar jirgi. Ciyawa tana riƙe taya. Tankuna cike suke. Ya nuna gaba da fensir: "Kin ga bishiyoyin can? Takardar nan ce ke gaya mana za mu haye su, kuma da tazara nawa. Yau mun kusa iyaka, amma muna ciki. Nauyin baya ma ya fi muhimmanci, shi ke ɗaga hancin jirgi."

Na dubi bishiyoyin. Ɗazu ba su kai haka tsawo ba.

Na fara lissafi. Talatin da takwas nawa na jiki, ga kunu, ga dambu, ga kaza. Na tuna Nana. Na tuna za a tashe ni ranar hisabi a tambaye ni abin da ya kashe bayin Allah biyu, in ce kunya da kunun gyaɗa. Na ja istigfari ya fi ashirin. Amma in na yi magana fa? Shi ke nan, an gane matarsa maƙaryaciya ce, ƙofa ta uku ta rufe, kuma ni na rufe ta.

Muka iso bakin titi. Abban Nana ya ƙara wuta yana gwada inji, jirgin duka yana kakkarwa. Na matso, na yi raɗa da Hausa, na manta raɗa ba ta da amfani a cikin abin kunnen nan:

"Abban Nana, na yi ƙarya."

"Wace ƙarya?"

"Ba ɗari da hamsin ba ne. Kuma akwai dambu a jikina."

Mista Walt ya ce, "Me ta ce? Tsoro take ji?"

Ga hanya an ba maigida a buɗe. Da ya ce e, tsoro ne, a sauke ni, da babu wanda zai sani. Na ga ƙeyarsa tana zufa. Sai ya ja wutar baya, ya ce da Turanci, a nitse:

"Lambobinmu ba daidai ba ne. Ba zan tashi a kansu ba. Za mu koma."

Tafiyar komawar nan ba ta fi minti uku ba, amma ta fi mini tafiyar Yamai zuwa Amurka nisa. Mutanen bakin rumfa suka miƙe, suna tambaya ko inji ne. Na sauko. Na ɗaga gefen hijabi na fiddo fulas. Na fiddo kwano. Na fiddo kaza. Ɗayansu ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mista Walt ya shiga rumfa ya jawo sikelin da suke auna kaya, ya ajiye a gabana, ya kau da kai kamar mai jin kunyata (Allah ya saka masa), amma allurar ba ta da irin wannan tarbiyya. Ta wuce ɗari da hamsin ko sallama ba ta yi ba.

Ya sake lissafi da fensir, ya daɗe. Ya ce, "Wataƙila da mun haye. Ni dai ba na tashi da wataƙila."

Su biyu suka tafi, aka bar ni a ƙasa. Na zauna a kujerar roba ina kallon mijina ya haye bishiyoyin nan da tazara mai yawa, hawaye na zuba, rabi na murna rabi na takaici. Turawan nan biyu kuwa suka buɗe kula. Ɗaya ya ci dambu faranti biyu, yana tambayata wane ganye ne wannan, ko zai tsiro a gonarsa.

Da suka dawo, masu jirgin su ukun suka koma gefe suka yi magana, ba ta daɗe ba. Mista Walt ya zo ya ciro mabuɗi daga zoben mabuɗansa ya miƙa wa Abban Nana. Ya ce ya sha ganin masu iya tashi da sauka, amma wanda zai juya jirgi a bakin titi ranar da ake gwada shi, ga matarsa a baya, ba kullum ake samunsa ba. Sannan ya dube ni: "Madam, ki dawo wata safiya in sanyi ya shigo. Ki zo da lambar gaskiya, ki bar kazar a mota."

Muka kama hanyar gida ni da maigida har muka shiga gari. A fitilar hanya ya kifa kansa a sitiyari yana dariya har da tari.

"Ɗari da hamsin! Maman Nana, ko ranar da aka kawo ki gidana?"

Na ce ya tuƙa mota, an ba da hannu.

Na hau jirgin daga baya, na ga rufin gidanmu kamar akwatin ashana, kuma wannan karon da kaina na hau sikeli kafin a tambaya. Abin da na koya dai, 'yan'uwa mata, in za ki rage wa kanki nauyi, a faranti ake ragewa, ba a baki ba.