Unguwa Ɗaya, Suna Huɗu, Babu Ruwa

Ranar Laraba na taka da ƙafa daga unguwarmu Kamtedza har cikin gari da karyayyen noti a aljihu. Motocin haya duk suna layin mai tun Lahadi, direbobi har sun fara shanya wanki a jikin madubi. Notin nan, da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ke riƙe hannun famfon burtsatsen unguwarmu, kuma mako uku ke nan da karyewarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka kishin jama'a ne ya fito da ni. Tiyamike ce, wadda na rubuta wa waƙa goma sha ɗaya, wadda in ta yi murmushi nakan manta shafin da na tsaya. Kawunta Kachingwe, da wuƙa da naman aurenta ke hannunsa, zai zo ranar Asabar ya ga inda za ta zauna. Saƙo ɗaya ya aiko: ba zai ba da 'yar ƙanwarsa ga unguwar da mace ke tafiyar awa guda da bokiti a ka ba.

Na fara da ofishin da ke kula da karkara. Mai Girma Sarkin Hatimi ya dubi notin kamar na ajiye masa mataccen ɓera.

"Mu village, wato ƙauye, muke gyara wa famfo," in ji shi. "Ku kuwa tun bara kuka daina zama village. Ba ka ga allo ba?"

"Ranka ya daɗe, awakin suna nan, mai unguwa ma yana nan da sandarsa."

"Akuya ba ta cikin ƙa'ida. Ka je wajen na birni."

A can kuma Mai Martaba Uban Taswira ya ce ruwa na township ne, wato birni sosai, mu kuwa location ne. Nan karatuna ya motsa. Na ce masa a ƙamus location wuri ne kawai, ko kujerar da yake kai location ce.

"A littafinka ke nan, samari. A nawa, location wuri ne da mutane suka riga taswira zuwa. Amma ka kwantar da hankalinka, watan jiya an ɗaga ku zuwa peri-urban."

"Me ke nan kuma?"

"Kun baro ƙauye, ba ku iso birni ba."

"To wa ke kula da waɗanda ke kan hanya?"

"Yana bakin tafki, taron bita kan ma'anar kalmar. Kwana goma ne."

Ashe mu jemagu ne, tsuntsaye sun ƙi mu, dabbobi sun ce ba su san da mu ba. Na dawo gida ƙafa a kumbure, zuciya ta fi ƙafar.

Amma kada a ce manyanmu ba sa jin kukan talaka. Washegari sai ga motoci shida, kowace tankinta fal, ban san a wane layi suka tsaya ba. Aka tuge tsohon allo aka kafa sabo a bakin hanya, Mai Girma Mai Almakashi ya yanke ƙyalle, muka karanta: Kamtedza Gardens Estate. Gardens wai lambuna. Abu ɗaya kore a unguwar shi ne fentin allon.

Maƙwabciyata Inna Nankhoma, mai suyar mandasi, fanken garinmu, ta ɗaga hannu ta tambayi batun famfo.

"Inna, a estate masu gida ne ke gyara kayansu da kansu," in ji Mai Almakashi. "Ai haka masu hali ke yi. Ina taya ku murna."

Suka bar mu da ƙura. Na zauna a gindin allon, na tuna Asabar saura kwana biyu, sai hawaye.

"Limbani, tsayar da kukan nan," in ji Inna. "Shi kaɗai ne ruwan da ya rage a unguwar, za ka ɓarnatar. Kai da ka cinye littattafai, estate ɗin nan damawa ake yi ko sha?"

"Suna ne kawai, Inna. Ni dai na rasa Tiyamike."

Ita kuwa bayan allon take kallo, inda notuna huɗu sababbi ke walƙiya. Ta ce in ba ta karyayyen. Ta gwada, ta lumshe ido ɗaya.

"Mutumin nan cewa ya yi mu gyara kayanmu da kanmu, ko kunnena ne?"

"Haka ya ce."

"Allon nan na wa?"

"Na estate."

"Estate ɗin su wa?"

Dabara ta rage wa mai shiga rijiya. Ranar Juma'a da hantsi, a gaban kowa, Chisale mai gyaran keke ya zo da sifana, ya kwance noti ɗaya daga allon. Notin ya shiga hannun famfon kamar don shi aka ƙera shi. Tuƙi na bakwai ruwa ya fito. Allon ya ɗan yi tunani a kan notuna uku, ya karkace, ya kife ruf da ciki. Akuyar Inna ta same shi da sanyi, ta haye ta kwanta.

Kawu Kachingwe ya iso Asabar da rana. Bai zauna ba sai da ya je ya tuƙa famfon da hannunsa. Ya wanke hannu, ya ci nsima, tuwon masararmu, da wake, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya dube ni.

"Ɗana, ban ga allo a hanya ba. Nan ɗin ƙauye ne ko birni?"

Na buɗe baki zan jero masa sunaye huɗu da ma'anar kowanne. Inna ta taka mini ƙafa, mai kumburin.

"Nan ɗin inda ka wanke hannu ne, Kawu," in ji ta.

Ya miƙa kofi a ƙaro. Ya ce manyana su je ƙarshen wata.

Don haka ina miƙa godiya ga masu girma, sun cika alkawarin ruwa ko da ba su sani ba. Na ji ana shirin raɗa mana suna na biyar. Roƙona ɗaya, a zaɓo mai tsawo, yadda allon zai yi faɗi ya ci notuna da yawa, domin famfon bayan makaranta shi ma ya fara lilo.